Babur ɗin Ƙanƙara da Haƙƙin Dajin Hunturu

A ƙasashen arewacin duniya, irin su Kanada da arewacin Amurka da Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha, inda dusar ƙanƙara kan lulluɓe ƙasa wata huɗu zuwa shida a shekara, akwai wani abin hawa da ya sauya yadda ɗan Adam ke ratsa daji da hunturu, shi ne babur ɗin ƙanƙara. Hawansa irin na babur ne, mahayi ya ɗare sirdi ya kama kai da hannu biyu, sai dai ba shi da taya. A gabansa akwai dogayen faifai biyu masu santsi da ke sulɓewa a kan dusa, da su ake juya shi, a bayansa kuma akwai faffaɗan bel na roba mai haƙora wanda inji ke murzawa, shi yake cafkar dusar yana tura babur ɗin gaba. Nauyinsa kan kai kilo 200 zuwa 300, kuma masu ƙarfi daga cikinsu suna wuce gudun kilomita 150 a awa, don haka tafiyar da a da kan ci wa mai karnukan jan kaya yini guda, yanzu ana yin ta tsakanin hantsi da azahar.

Larura ce ta haifi wannan na'ura tun kafin nishaɗi ya karɓe ta. Joseph-Armand Bombardier, makaniki a ƙaramin garin Valcourt na lardin Kebek a Kanada, ya rasa ɗansa ƙarami a hunturun 1934 saboda dusa ta toshe hanya aka kasa kai yaron asibiti, abin da ya ƙara masa himma a kan aikin da ya daɗe yana yi na ƙera motar da za ta iya tafiya a kan dusa. A 1937 ya fito da mota mai ɗaukar mutum 7 wadda likitoci da masu kai wasiƙu suka amfana da ita, sannan a 1959 kamfaninsa ya fito da ƙaramin babur mai suna Ski-Doo, wanda shi da takwarorinsa na kamfanonin Polaris da Arctic Cat na jihar Minnesota suka cika kasuwa cikin ɗan lokaci. A 1971 kaɗai an sayar da kusan rabin miliyan, akasarinsu kuma ga masu neman shaƙatawa. Daga nan ne tambaya ta taso, wadda har yau ba a gama amsa ta ba: wane hali daji ke shiga idan dubban injuna suka kutsa cikinsa a lokacin da tun fil azal yake zaman hutu daga mutane?

Abin da ke sa mahaya da yawa ganin ba su yin ɓarna shi ne, dusa tana narkewa, sawun babur kuma ya tafi tare da ita, ba kamar motar da ke yanka ƙasa da damina ta bar kwari ba. Wannan zato yana da rauni, domin dusar da ido ke gani kamar farin fili fayau rufi ne na wani gida mai mazauna. Dusar da ta sauko ba a taka ta ba cike take da iska, iskar nan kuwa tana hana sanyi ratsawa, shi ya sa idan kaurinta ya kai kimanin santimita 20 ko fiye, yanayin da ke tsakaninta da ƙasa kan tsaya kusa da ma'aunin daskarewar ruwa, ko da a sarari sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri. A wannan ɗan sarari ne ɓeraye da jaɓa da sauran ƙananan halittu ke haƙa hanyoyinsu, su ci tsaba da saiwoyi, su kuma zama abincin dila da mujiya da sauran mafarauta. Idan babur ya bi ta kai, nauyinsa yana matse iskar ya danƙare dusar, sai sanyi ya sami hanyar shiga, ramuka su rufta, hanyoyin kiwo su toshe. Wani bincike da aka yi a Minnesota a farkon shekarun 1970 ya nuna mutuwar ƙananan dabbobi ta ƙaru ƙwarai a filayen da aka danƙare da babur, kuma tun daga lokacin masana ke jan hankali a kan cewa yawan zagaye a fili guda, wanda mahaya ke yi don wasa, ya fi bin hanya guda muni nesa ba kusa ba.

Tsirrai ma suna da nasu rabon. Danƙararriyar dusa takan jinkirta narkewa, sanyi kuma ya nutsa cikin ƙasa fiye da yadda ya saba, sai tsiron bazara ya makara, saiwoyin ciyawar da ke kwana a ƙasa su mutu. Ƙananan itatuwa kuwa, waɗanda kawunansu ke leƙowa daga dusa, sanyi kan busar da su har su yi gautsi, da zarar faifan babur ya taɓa su sai su karye; binciken da aka yi kusa da birnin Ottawa a farkon shekarun 1970 ya gano cewa wucewa sau ɗaya tak ta raunata fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙananan itatuwan da ke kan hanyar. Girman ɓarnar ya danganta da zurfin dusa, saboda dusa mai zurfi tana rarraba nauyi ta kare abin da ke ƙasa, siririya kuwa ba ta tare komai, haƙoran bel kan tona har su kai ga ƙasa. Saboda haka kwanakin farkon hunturu da na ƙarshensa, lokacin da zumuɗi ke jan mahayi ya fita alhali dusa ba ta cika ba, su ne suka fi hatsari ga daji.

Batun manyan dabbobi ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ba a fahimtarsa sai an san yadda suke cin hunturu. Ɓaunar Amurka da manyan bareyin da ake kira elk da mus da karibu suna shiga hunturu da kitsen da suka tara da rani, abincin da suke samu a ƙarƙashin dusa kuma bai isa ya mayar da abin da jiki ke ƙonawa ba, don haka rayuwarsu ta rataya ne a kan tattalin ƙarfi: rage motsi, yawan kwanciya, da guje wa duk wata tafiya da ba ta zama dole ba. Gudu cikin dusar da ta kai ƙirji yana cin ƙarfi ninkin-ba-ninkin na gudu a busasshiyar ƙasa. Dabbar da babur ya firgita sau ɗaya ba za ta faɗi a gaban mahayi ba, shi ya sa yake wucewa da zuciya fes, amma idan aka tayar da ita yau aka tayar gobe, asarar takan bayyana ne a watan Maris ko Afrilu, sa'ad da kitse ya ƙare ciyawa ba ta fito ba, ko kuma ta bayyana a jikin ɗan da uwa ta haifa ba ƙwari. A 2002 masanin dabbobi Scott Creel da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin kashin kyarketai da na elk, inda suka auna sinadarin da jiki ke fitarwa idan dabba tana cikin takura, suka kuma iske yana ƙaruwa a wurare da lokutan da babura suka yawaita. Adalci ya wajabta a faɗi cewa binciken bai ga alamar adadin dabbobin ya ragu saboda hakan ba. A tsaunukan lardin British Columbia kuwa, wani binciken da aka wallafa a 2007 ya iske karibun tsauni sun ƙaurace wa wani yanki mai kyawun kiwo da mahaya suka mamaye, alhali suna nan a maƙwabtan tsaunuka masu irin yanayinsa. Ga dabbar da ta riga ta kusa ƙarewa saboda sare dazuzzuka, rasa makiyaya guda ba ƙaramin abu ba ne. Garken karibun tsaunukan Selkirk na kudu, na ƙarshe da ke tsallakowa cikin jihohin Amurka da ke kudu da Kanada, ya ƙare a 2019 duk da hanin da kotu ta yi wa babura a mazauninsa shekaru kafin nan.

Babu inda aka yi dambarwa a kan wannan al'amari kamar gandun dajin Yellowstone na Amurka, wanda aka keɓe tun 1872, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 9,000. An fara barin babura su shiga a 1963, zuwa shekarun 1990 kuwa sun kai dubun-dubata a kowane hunturu, a ranakun hutu har fiye da dubu ke shiga a yini. Kusan dukkansu suna da inji mai bugu biyu, irin na ƙaramin janareton nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, wanda duk mai shago ya san ƙararsa da shuɗin hayaƙinsa. Tsarin irin wannan inji na wancan zamani yana sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na man ya fita ta salansa ba tare da ya ƙone ba. A ƙofar yamma ta gandun, inda ɗaruruwan babura kan yi layi da sassafe injuna na ruri, iska mai sanyi takan danne hayaƙin ya kwanta a ƙasa kamar hazo, ma'aikatan da ke karɓar kuɗin shiga suka riƙa kukan ciwon kai da tashin zuciya da raɗaɗin ido, har hukuma ta kai ga tura musu iska mai tsabta ta bututu cikin rumfunansu, daga baya kuma ta raba musu na'urorin rufe hanci da baki. Gandun da aka keɓe domin tsabtar iskarsa ya wayi gari masu gadinsa ba sa iya shaƙarta.

A 2000 gwamnatin Bill Clinton ta yanke shawarar hana baburan baki ɗaya, a maye gurbinsu da motocin dusa masu ɗaukar jama'a, gwamnatin George W. Bush ta zo ta warware, daga nan aka shiga shari'a: masu kare muhalli suna samun hukunci a wata kotun tarayya a Washington, masu ƙera babura da 'yan kasuwar garuruwan da ke kewaye suna samun akasinsa a wata kotun a jihar Wyoming. Ba za a ce 'yan kasuwar ba su da hujja ba, domin gari irin West Yellowstone da baƙin hunturu yake ci. Sai a 2013 aka kai ga tsarin da ake bi yanzu, wanda ya daina ƙirga babura ɗaya-ɗaya ya koma ƙirga ayari. An ƙayyade ayari 110 a yini, daga ciki waɗanda ba su wuce 50 ba na babura, kowane ayari kada ya haura babur 10, matsakaicinsu a tsawon hunturu kuma kada ya wuce 7. Dole ne a tafi da jagora, a tsaya a kan titunan da motoci ke bi da rani, kada gudu ya wuce mil 35 a awa, wato kimanin kilomita 56, kuma babur ɗin ya cika sharuɗɗan ƙarancin hayaƙi da ƙara, waɗanda galibi injuna masu bugu huɗu ne ke cika su. Ana buɗe hanyoyin ne daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Maris, da dare kuma a rufe.

Hikimar wannan tsari tana cikin abin da masu lura da dabbobi suka daɗe da gani, cewa dabba ta fi jure abin da ta san lokacinsa da hanyarsa. Ɓaunar da ta saba ganin ayari yana wucewa a kan titi guda, da gudu guda, ba ya ratsewa ya nufo ta, takan ɗaga kai ta duba ta ci gaba da tonon ciyawa da goshinta. Idan garke ya hau titin, wanda yakan yi domin danƙararriyar hanya ta fi sauƙin takawa, jagora kan ɗaga hannu ayari ya tsaya a gefe guda, mahaya su sauka su sa babur tsakaninsu da dabbobin, a jira har su wuce, ko da jiran zai ɗauki lokaci hannuwa na daskarewa. Dokar gandun ta hana kusantar ɓauna da elk ƙasa da kimanin mita 23, kyarkeci da beyar kuma ƙasa da mita 91. Wanda ya fi cutar da dabba shi ne mahayin da ya ɓullo mata daga inda ba ta zata ba, ko ya bi ta a baya don ɗaukar hoto. A nan ne ra'ayin masu cewa sabon inji ya kashe magana yake gazawa: inji mai tsabta ya gyara iska ya rage ƙara, amma ƙayyade wuri da lokaci da adadi shi ne ya sauƙaƙa wa dabbobi, kuma wannan ba abu ne da kamfani zai ƙera ya sayar ba.

Ƙasashen arewacin Turai sun biyo ta wata hanyar daban. A can akwai tsohuwar al'ada da ta ba kowa damar yawo a daji da ƙafa ko da filin na wani ne, amma damar ba ta haɗa da abin hawa mai inji ba. Dokar Norwe ta 1977 ta ɗauki hani a matsayin asali, izini kuma togaciya, sai a 2015 aka ba ƙananan hukumomi ikon shata hanyoyin shaƙatawa, su ma ana rufe su daga 5 ga Mayu. Dokar Suwidin ta 1975 ta haramta tuƙi a ƙasar da dusa ba ta rufe ba, da kuma kan gonaki da dashen ƙananan itatuwa matuƙar akwai yiwuwar ɓarna. A Finlan kuwa sai da yardar mai fili ake ratsewa daga hanyar da aka shata.

Ɗaya daga cikin dalilan wannan tsanani shi ne al'ummar Sami, makiyayan barewar gida da ke zaune a arewacin waɗannan ƙasashe, kuma labarinsu yana nuna cewa na'urar ba abokiyar gaba ba ce a karan kanta. Sun karɓe ta tun farkon shekarun 1960, yau kuma da wuya a sami makiyayi da ke tattara garke ba da ita ba, ko da yake masanin halayyar al'umma Pertti Pelto ya nuna a littafinsa na 1973 cewa tsadar babur da mai ta fitar da masu ƙaramin ƙarfi daga kiwo a wani yanki na arewa maso gabashin Finlan. Barewar tana rayuwa da hunturu ne a kan wani irin gansakuka da take shinshinowa a ƙarƙashin dusa ta tone da kofato, inda babura suka danƙare kuwa tonon kan gagara. Matan suna ɗauke da ciki duk tsawon hunturu su haihu a watan Mayu, don haka ayarin 'yan yawon buɗe ido da ya ratsa garke a Afrilu, lokacin da rana ta yi tsawo hawa ya fi daɗi, yana iya tarwatsa aikin makonni ya kuma jawo ɓari. Ba daidai ba ne a auna makiyayin da ke bin dukiyarsa, ko mafaraucin Inuit da ke nemo wa iyalinsa abinci a arewacin Kanada, da ma'auni guda da wanda ya zo hutun ƙarshen mako. Na farko ba shi da zaɓi, na biyu kuwa yana iya sauya hanya ko ya dawo wata rana, don haka nauyin haƙuri a kansa yake.

A Kebek, mahaifar Ski-Doo, akwai hanyoyin da aka shata masu tsawon kimanin kilomita 33,000, ƙungiyoyin sa-kai na mahaya ne ke kula da su, kuma babban ɓangarensu yana ratsa filayen manoma ne da suka ba da izini don kara. Mahayi guda da ya bar alamomin hanya ya yi wasa a kan gonar ciyawar shanu, sanyi ya kashe saiwar, ya isa ya sa manomi ya janye izininsa a yanke hanya ga dubban mutane. Ƙara ma tana da nata sakamakon: a 2004 wata kotu a lardin ta ba mazauna gefen tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta P'tit Train du Nord gaskiya, ta ba da umarnin biyan su diyya saboda rurin babura dare da rana. Masu cire salansar asali su sa mai ƙara, don jin daɗin kunnensu, su ne suka fi jawo wa sauran baƙin jini, domin a iska mai sanyi da tsit irin ta hunturu amon inji kan yi tafiyar kilomitoci.

Abin da ake nema ga mahayi mai kula bai da yawa, wahalarsa ita ce yinsa a inda babu mai gani. Zai nemi taswirar wuraren da aka halatta kafin ya fita, ya san cewa a Amurka dokar 1964 ta haramta duk wani inji a yankunan da aka ayyana a matsayin dajin da ba a taɓawa, zai tsaya a kan hanya, ya kauce wa inda ciyawa ko kawunan itatuwa suka leƙo, ya guji bakin rafi da fadama inda ƙasa ba ta daskare sosai ba. Zai zuba mai nesa da tafki, domin abin da ya zube a kan ƙanƙara yana jiran bazara ne ya gangara cikin ruwa, ya kuma kwaso shararsa, tunda dusa tana ɓoye gwangwani ne na ɗan lokaci kawai. A tsaunuka kuwa kula da daji da kula da rai sun haɗu wuri guda. Wasan da ake yi na haura gangare don ganin wanda sawunsa zai fi nisa sama yana kai mahaya tsakiyar gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, inda dusa ta fi zaftarewa. A Disambar 2008 mahaya 8 suka rasu a irin wannan zaftarewa a kudu maso gabashin British Columbia. Shi ya sa ake horar da su su riƙe na'urar gano wanda dusa ta binne, da sandar bincike, da shebur, su kuma hau gangare ɗaya bayan ɗaya, domin bayan minti 15 a binne damar tsira takan faɗi ƙwarai.

Sabbin babura masu aiki da batir, irin waɗanda kamfanin Taiga na Montreal da masu Ski-Doo suka fara fitarwa, sun kawar da hayaƙi sun rage ƙara, abin a yaba ne, ko da yake sanyi na rage wa batir ƙarfi, nauyinsu kuma yana danƙare dusa kamar na kowane babur. Matsalar da ta fi tunkaro masu kula da dazuzzuka ita ce haɗuwar abubuwa biyu: baburan tsauni na yanzu, masu dogon bel da ƙarfin inji, suna kaiwa ƙololuwar da a shekarun baya ba ta hawuwa, ɗumamar yanayi kuma tana gajarta hunturu a kwaruruka tana kora mahaya sama. Can saman ne karibun tsauni ke fakewa daga kyarketai, can ne kuma dabbar wolverine, mai kama da dage, ke haƙa ramin haihuwa cikin dusa mai zurfi daga watan Fabrairu, kuma wani binciken da aka wallafa a 2019 daga jihohin Idaho da Montana da Wyoming ya iske matanta sun fi maza ƙaurace wa wuraren da mahaya ke yawo ba a kan hanya ba. A 2015 hukumar kula da dazuzzukan Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowane daji na tarayya mai samun dusa ya shata inda babura za su bi da inda ba za su bi ba, dazuzzuka da yawa kuma har yanzu suna kan wannan aiki, ana zama da mahaya da masu yawo da ƙafa da masana dabbobi a kan taswira, kwari bayan kwari.